Safar Hannun Sumana

Ranar Alhamis ta biyu a watan Disamba, ƙarfe biyar da rabi na asuba, Hadizatu tana zaune a kan tabarmar salla ta ji ana jan sakatar ƙofar gida a hankali, irin jan wanda ba ya son a ji shi. Ta leƙa ta taga. Babban ɗanta ne, Sumana, da gajeren wando da takalmin gudu, ya ja hular sanyi har ta rufe masa kunnuwa.

A jikin bangon tsakar gidansu na unguwar Talaje a Yamai akwai ma'aunin zafi da maigidan, Malam Abdu, ya kafa tun shekarar da suka tare. Ta fito ta haska shi da wayarta.

"Sha bakwai," ta ce. "Sha bakwai kawai, har ka sa hula. To can inda kake cewa za ka, me za ka sa? Katifa?"

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Katifar nake tambaya."

Ya yi dariya, ya durƙusa ya ɗaure igiyar takalmi, ya fice. Ta ji sawunsa yana nisa ta wajen gudron, titin kwalta.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma ita ƴar Dogondutsi ce. Karatun jami'a da shekara talatin tana koyar da labarin ƙasa a lise, wato babbar sakandare, ba su cire mata wannan kunya ba. Tun yana jariri "kai" take ce masa. Da ya koyi sana'a ta koma ce masa Mai firigo, wato mai gyaran firiji. Ba ta yabonsa a gabansa, ba ta tambayarsa ko ya ƙoshi, sai dai ya tarar an ƙara masa tuwo ba tare da an ce komai ba.

Ƙarfe bakwai ya dawo, gumi ya jiƙa hular. Ya ce kilomita ashirin da ɗaya ya yi. Ya zauna a bakin ɗakin girki yana shan kunu da ƙosai.

"Inna, saura kwana ashirin da uku."

"Na iya ƙirga kwanaki."

"Kuma yau ce ranar da kika ce."

"Na san abin da na ce. Bayan la'asar."

Maganar da ke tsakaninsu ta wata biyu ce. A lokacin sanyin bara Sumana ya zo na ɗaya a tseren da masu gudu na Yamai suke yi zuwa garin Sayi ta hanyoyin ƙafa na bakin kogi, kusan kilomita sittin. Saboda wannan aka gayyace shi wani tsere a duwatsun Maroko cikin watan Janairu: kilomita ɗari, a hau dutse a sauka cikin dusar ƙanƙara, kuma duk wanda ya wuce awa ashirin da huɗu bai iso ba, an cire shi. Mahaifinsa ya karanta takardar sau biyu, ya ce "to", ya mayar masa. Hadizatu kuwa ta san tsayin waɗannan duwatsu da mita, ta san sanyinsu na Janairu da lamba, don ta sha rubuta su a allo yara suna kwafa. Ita kanta ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoton littafi, amma lambobin sun ishe ta. Ta ce ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Shi kuma ya faɗa a gaban kowa cewa ba zai taka jirgi ba sai Inna ta yarda ta sa masa albarka. Ba wasa yake yi ba. Fasfo na nan, tikiti na nan, amma in ba ta yarda ba a aljihun tebur za su kwana.

Daga baya ta kafa sharaɗi. Akwai ɗakin sanyi na Alhaji Bello, mai sayar da daskararren kifi a unguwar Mawrai, wanda Sumana ne ke kula da injinsa. Ya shiga ciki ya yi awa ɗaya cur yana gudu, ita tana riƙe da agogo. In ya fito da ƙafafunsa, sai a yi magana.

Gudun nan ba a sama ya same shi ba. Yana shekara shida aka kai shi allura asibitin unguwa. Da ya ga an buɗe akwatin allurar, kafin ta ɗaura mayafi ya ɓace. Ta iso gida a taksi ta tarar da shi har ya sha ruwa ya huta. A makaranta bai yi nisa irin yadda ta so ba. Sau biyu ya faɗi jarrabawar BAC ta kammala sakandare, a lisen da ita kanta take koyarwa, abokan aikinta suna kau da kai in sun haɗu da ita a baranda. Wannan ya ci mata rai, kuma ya sani. Ya je ya zauna shekara huɗu a shagon wani mai gyaran firigo, ya fito da hannu mai kyau. Matan da ke sayar da ƙanƙara da lemon tsamiya daga Talaje har Bobiyel duk suna da lambarsa.

Wata rana babur ɗinsa ya mutu, ga wata mata a Bobiyel firigonta ya tsaya cike da yawur, wato yogot, a tsakiyar watan Afrilu. Ya saɓa injin firigo a kafaɗa ya kama gudu. A Yamai kuwa, ƙaton saurayi da inji a kafaɗa yana gudu da tsakar rana, fassararsa ɗaya ce. Wani mai shayi ya yi ihun ɓarawo. Mutane suka biyo shi. Shi bai ma waiwaya ba, ya ɗauka da wani ake. Masu binsa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura mutum guda, wani direban taksi mai suna Nasiru wanda ya bar motarsa a kunne da fasinja biyu a ciki. Kilomita uku ya bi shi. Da Sumana ya tsaya a ƙofar gidan matar yana sallama, Nasiru ya iso ya dafa bango, ya kasa ko cewa "ɓarawo". Sumana ya roƙa masa ruwa a gidan, ya ce, "Ɗan'uwa, kana da numfashi fa. Ran Lahadi ka zo mu hau tuddan ƙetaren kogi." Abotarsu ke nan. Shekara biyar ba su fasa Lahadi ba sai ranar salla.

Ƙarfe tara na wannan Alhamis, bayan ya tafi aiki, Hadizatu ta ce wa maigidan za ta kasuwa sayen zogale. Ba ƙarya ta yi ba, ta saya. Amma daga nan ta zarce layin ƴan gwanjo.

A jikin bangon ɗakin Sumana akwai takardar da masu tseren suka aiko, jerin kayan da dole kowa ya ɗauka. Ta karanta ta ranar da ta shiga shara, ta sake karantawa washegari ba tare da tsintsiya ba. Ya sa alamar biro a gaban kowane abu: fitilar goshi, rigar ruwa, usur, gorar ruwa, rigar sanyi. Layi ɗaya ne babu alama, safar hannu.

"Safar hannu nake so," ta ce wa mai gwanjon, "ta ƙasar ƙanƙara. Ba irin ta ƴan kabu-kabu masu babur ba."

Ya zazzage mata buhu guda a kan leda. Ta tsuguna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana matsa kowace tsakanin yatsu biyu. Na ulu duk sun yi mata shara-shara, iska za ta ratsa. Can ƙasa ta ci karo da wata koriya shar, tafin fari ne mai taushi kamar soso, kaurinsa ya kai yatsa, ga maɗauri mai faɗi a wuyan hannu don kada sanyi ya sami hanya.

"Wannan fa?"

"Hajiya, kin san kaya. Duk buhun nan babu mai kaurinta."

Ta duba ɗinkin ciki da waje, ta naɗe ta a leda, ta cusa a ƙarƙashin zogalen. Ke nan tun ƙarfe goma na safe ta riga ta yanke hukunci. Amma sharaɗi sharaɗi ne, kuma mutumin da ya sa ake kau mata da kai a barandar lise har shekara biyu, bai kamata ya sami abu a sauƙaƙe ba.

Ƙarfe huɗu da kwata Nasiru ya zo ɗaukarta. Ya same ta da rigar sanyin maigidan a kan atamfa, da mayafi biyu.

"Tanti, ke ma tseren za ki shiga?"

"Tuƙa motarka. Kuma yau kada ka bar ni a ciki ka bi ɓarawo."

Alhaji Bello ya sa an ajiye mata kujera a bakin ƙofar ɗakin sanyin. Mutum ne mai tumbi da yawan magana, kuma labari ya riga ya zaga layin, don masu shaguna uku sun bar shagunansu sun zo kallo.

"Hajiya, barka da zuwa. Yau injin a kan sha takwas ƙasa da sifiri yake. Ɗanki ne ya saita shi da hannunsa, in ya ji jiki kada a ce ni ne."

"Nawa ya ce maka ka rage?"

"Wallahi bai ce ba. Ni ne ma na ce a ƙara, don in ga ƙarshen rashin jin magana. Mutum da sana'arsa, ba wanda ya kore shi, ya ce sai ya je ƙasar mutane ya yi gudun kilomita ɗari. Ni daga nan zuwa masallaci ma sai da babur."

"Ana gani, Alhaji," in ji Nasiru.

Sumana ya fito daga bayan shago cikin kayan tseren gaba ɗaya, jaka a baya, fitila a goshi. A hannayensa kuwa safar ƙafa ce ya zura, ɗaya baƙa ɗaya ruwan toka. Hadizatu ta kalli hannayen, ta kalli agogonta.

"Huɗu da minti arba'in. Shiga."

Aka rufe ƙofa. Daga waje ana jin dif-dif ɗin ƙafarsa sama-sama. Ya jera katakon da ake ɗora katan-katan a kai kamar matakala, yana hawa yana sauka, sannan ya zaga tsakanin layukan kifi ya dawo. Duk minti goma sai ta ce a buɗe ta gani.

"Mai firigo, kana nan?"

"Ina nan, Inna!"

"Yatsunka nawa?"

"Goma, har yanzu!"

A buɗewa ta uku Alhaji ya fara ƙorafi. "Hajiya, sanyin nan da kike saki waje, kifina kike narkarwa. Ko ki shiga ko ki bari."

Ta miƙe. Ta gyara mayafi na sama, ta miƙa wa Nasiru jakarta, ta ce a rufe bayanta.

Abin da littafi bai gaya mata ba shi ne sanyi yana da ciwo. Numfashin farko ta ji kamar an tsira mata allura a cikin hanci. Haƙorinta na gefen hagu, wanda ta manta da shi shekara goma, ya tuna da ita. Silifas ɗinta ya ƙandare ya koma katako. A ƙarshen layin katan-katan ga ɗanta yana tahowa, tururi na fita daga bakinsa da kafaɗunsa, girarsa ta yi fari fat kamar ta tsoho. Da ya gan ta bai tsaya ba, ya ci gaba da taka ƙafa a wuri ɗaya a gabanta yana murmushi.

"Sannu da zuwa Maroko, Inna."

Ta so ta ba shi amsa, amma haɓarta ta ƙi tsayawa. Ta tsaya tana kallonsa ya je ya dawo, ya je ya dawo. Ba ta taɓa ganin gudunsa kusa haka ba. Kullum bayansa take gani yana fita, ko gumin da ya dawo da shi. Ƙafarsa ba ta dukan ƙasa, taɓa ta take yi ta ɗauke, kuma fuskarsa a sake take, irin ta mutumin da ke zaune a ɗakinsa.

Minti huɗu ta yi. Da ta fito tabaraunta ya yi hazo, ba ta ganin kowa, sai dariyar mutanen layi take ji. Alhaji ya miƙo mata shayi.

"Yaya Turai, Hajiya?"

"Maroko a Afirka take," ta ce, ta karɓi kofin.

Biyar da minti arba'in daidai ta ce a buɗe. Ya fito, ya zare safar ƙafar daga hannayensa, ya ɗaga yatsu goma a gabanta. Sannan ya durƙusa a gefen kujerar.

"To, Inna?"

Ta kurɓi shayi, ta ajiye kofin.

"Na gani. Zan yi tunani. Gobe."

"Haba Tanti!" in ji Nasiru. Alhaji ya tafa hannu ya ce ko alƙali bai kai ta jan rai ba. Sumana ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, "Allah ya kai mu."

Bayan magariba suka ci dambu da zogale a tsakar gida. Sumana ya ci kwano biyu. Malam Abdu ya tambayi lambar da injin ya nuna, aka gaya masa, ya gyaɗa kai. Da suka tafi sallar isha'i, ta shiga ɗakin Sumana, ta buɗe jakar tseren, ta tura ledar safar can ƙasa, ta ja zif. Ba abin da za ta iya miƙa masa hannu da hannu ba ne. Ta shirya cewa da safe, yana shan kunu, za ta ce, "Allah ya tsare hanya," tana kallon tukunya, shi ke nan.

Ranar Juma'a ƙarfe biyar da rabi ta ji sakata. Ba ta fito ba. Ta dama kunu da wuri, ta sa ƙosai a kwano ta rufe. Wajen ƙarfe shida da minti goma, a kan hanyar filin jirgi, wani kamiyo, babbar motar kaya, ya kauce wa rami ya hau gefen hanya inda Sumana yake gudu. Waɗanda suka gani sun ce bai daɗe ba ya cika. Yana da shekara ashirin da takwas. Aka yi masa salla bayan Juma'a.

Ta karɓi gaisuwa yadda ake karɓa, tana cewa "haƙuri ya zama dole, mun gode Allah" ga duk wadda ta zauna kusa da ita. Ba ta gaya wa kowa abin da ke cin ta ba, sai maigidan, sau ɗaya. Ta ce yaron ya nemi kalma ɗaya a wurinta, ya durƙusa a gaban mutane ya nema, ta ce masa gobe. Ranar tafiyar ta zo ta wuce, ranar tseren ma haka. Ɗakinsa yana kulle.

Bayan sadakar arba'in Malam Abdu ya kira Nasiru su fitar da kaya. Suna cikin aiki ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Jakar tseren tana rataye a ƙusa. Koriyar safar kuwa ba a cikin jakar take ba, tana kan tebur, an jera ta hannu da hannu a kan fasfo. Ta ɗaga ido ga takardar bango. Layin da babu alama yanzu akwai, an ja ta da ƙarfi har biro ya huda takarda. A gefe, da rubutunsa mai kwanciya wanda malamai suka sha kuka da shi, ya rubuta: "Akwai. Inna ta yarda. Ta mai tsaron raga ce, kada a gaya mata."

Ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Nasiru."

"Na'am, Tanti."

"Mece ce ta mai tsaron raga?"

Ya kalli Malam Abdu, Malam Abdu ya kalli rufin ɗaki.

"Ta ƙwallo ce, Tanti. Wadda gola ke sawa ya kama ƙwallo. Ba ta hana sanyi, in ta jiƙe ma ƙara shi take yi."

"Ka san da maganar?"

"Ina dawowa daga isha'i ya kira ni, yana dariya har ba na jin abin da yake faɗa. Ya ce Inna ta sa hannu. Ya ce zai nemi ta ulu ya sa a ciki, amma wannan da ita zai tsallaka layin ƙarshe, ko Turawa su yi ta kallo."

"Kwana arba'in kana shiga gidan nan. Ba ka faɗa mini ba."

"Shi ya ce kada a gaya miki."

Ta zauna a bakin gadon. Ta ɗauki safar ta matsa tafin tsakanin yatsu biyu, kamar yadda ta yi a kasuwa.

"Duk buhun babu mai kaurinta," ta ce.

Nasiru ne ya fara, dariya ta kuɓuce masa ya toshe baki da hula. Ita ma ta biyo shi. Daga baya Malam Abdu ya ja shi suka fita tsakar gida, suka bar ta a ciki har azahar.

Akwatin kayan aikinsa aka mayar wa maigidansa na dā, wanda ya koya masa sana'a. Takalman gudu ƙafa huɗu aka kai wa abokan Lahadi, suka raba bisa ga wanda ya yi wa daidai. Tufafinsa aka kai masallacin unguwa. Jakar tseren da fitilar goshi da usur Nasiru ya ɗauka, kuma da su ya yi tseren Sayi da sanyi ya dawo, ya zo na goma sha ɗaya. Rigar sanyin aka ba Alhaji Bello, ya kafa mata ƙusa a bakin ɗakin sanyi, duk mai shiga ɗauko katan ya sa, in ya fito ya mayar. Fasfon yana aljihun teburin mahaifinsa. Takardar bango Hadizatu ta ce a bar ta inda take.

Safar kuwa ta gwada ta sau ɗaya. Ta yi mata yawa, ko kofi ba ta iya riƙewa da ita. Ta sa Malam Abdu ya buga ƙusa a ƙarƙashin ma'aunin zafi na tsakar gida, ta rataye ta a nan.